Masu neman arzikin ƙarƙashin ƙasa: yadda Turawa suka bi sawun kuza a Arewa

Ga rubutun shirin wannan makon ga waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Duk wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya ga duwatsun nan da suka taso a tsakiyar gonaki. Sau da yawa za ka ji ana cewa ai akwai arziki a ƙarƙashinsu, Turawa sun sani, ɓoyewa suka yi. To bari mu duba abin da tarihi ya nuna: wa ya zo nema, me ya kai shi, kuma wa ya ci riba?

Tun kafin Bature ya shigo, mutanen Liruwe sun san kuza. Akwai Liruwen Kano, wadda yau ake kira Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, akwai kuma Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi. Su kan wanke yashin rafi su tace kuza, su narka ta, su zuba ta ta fito sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun William Wallace, ma'aikacin kamfanin da ya zama Royal Niger Company, a shekarun 1880. Kun ga ke nan, a kasuwa aka fara "gano" kuzar, ba a daji ba.

A 1902 kamfanin ya tura wani injiniya, George Nicolaus, ya bi sawun hajar nan zuwa ƙasar Bauchi. A 1903 Henry Laws ya biyo baya, shi kuwa da rakiyar sojoji, ya hau tsaunukan Jos, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tsaunin ba su yi masa maraba ba, da bindiga aka buɗe hanya. A wannan shekarar ce fa Kano da Sakkwato da Katsina suka shiga hannun Turawa. Mai neman ma'adini da soja tare suka iso.

Domin ku gane darajar ɗan gari a wannan harka, ku ji abin da ya sami wani Bature can da daɗewa. A 1577 da 1578 Martin Frobisher ya je tsibirin Baffin, can ƙuryar arewacin Kanada inda ƙanƙara ke rufe teku, ya loda wa jiragensa baƙin dutse sama da tan dubu, yana zaton zinariya ce. Da aka narka a Ingila, ba a sami komai ba. Shi ba shi da mutanen Liruwe da za su nuna masa hanya.

Daga 1904 zuwa 1909 gwamnatin mulkin mallaka ta yi nata binciken na ma'adinan Arewa. Fitaccen mai wannan aiki shi ne John Falconer, masanin duwatsu daga Sikotilan. Bisa doki yake tafiya, 'yan dako na biye da kaya a ka, ana fasa dutse, ana wanke yashi a ƙwarya, ana ɗaure samfuri a aika Imperial Institute da ke Landan a gwada. A 1911 ya fitar da littafi kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa, a 1919 kuma ya zama shugaban farko na hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya. Sunansa ya shiga tarihi. 'Yan dakon da suka ɗauki duwatsun a kansu, babu mai tuna su.

To me ya sa ba a yi rububin Dutsin-Ma da Kurfi ba? Dalilin yana cikin dutsen kansa. Duwatsunmu tsofaffi ne ƙwarai, kuza kuwa ta fi zama a wani irin dutse da ya fi su ƙuruciya, irin na Jos da Riruwai. Zinariya kuma ta fi fitowa ta yamma da kudu, su Birnin Gwari, Minna da Zamfara, inda aka yi rububinta a shekarun 1930. Mu abin da aka fi saninmu da shi a nan kusa shi ne farar ƙasar Ƙanƙara.

Amma kada ku ce abin bai shafe mu ba. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin a 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa karɓar rabin harajin ma'adinai har shekara 99, a duk ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram. Ku ɗauko taswira ku duba: Katsina gaba ɗayanta tana ciki. Tun Turawan mulki ba su iso Kurfi ba, an riga an raba abin da ke ƙarƙashin gonakinta a Landan. Ni a ganina wannan ya fi duk wani labarin ɓoyayyar taswira ban takaici.

Masu narkar Liruwe kuwa, kamfanoni suka mamaye wuraren da suke wanke kuza, sana'ar ta mutu. Abin da ya rage wa talaka shi ne lebura. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos, 'yan cin rani suka riƙa kwarara. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga diban gwamna: dubban mutane daga lardunan Arewa aka tilasta musu aikin haƙa har zuwa 1944, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su.

Dokar ba ta sauya sosai ba. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Gona taka ce, abin da ke ƙasanta ba naka ba ne, diyya kawai za ka nema idan mai lasisi ya zo daga Abuja.

Wanda kakansa ya je kuza, ko aka ɗebe shi zamanin yaƙin Hitila, ya rubuto mana abin da ya ji a gida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.