Tangaran

tangaran (suna, namiji): kwano, faranti, kofi ko tulun ado da aka gina da farar ƙasa mai laushi, aka gasa a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,200 har ya yi santsi da ƙyalli. In an ƙwanƙwasa shi yakan yi ƙara. Ana kuma ce masa faɗi-ka-mutu.

Asalinsa ƙasar Sin. Garin Jingdezhen ya yi suna da farin tangaran mai zanen shuɗi tun ƙarni na 14, aikin da har yau ido ba ya gajiya da kallonsa. Turawa sun daɗe suna sayo shi da tsada, sai a 1710 aka buɗe masana'antarsa a Meissen ta ƙasar Jamus.

Misali: *An yi wa amarya jeren tangaran.*