Tsohon Fiyano da Hauren Giwar Kakanninmu

Da yawanmu mun ɗauka duk abin da ya tsufa kuɗi ne. Tarihin wani kayan kiɗa na Turawa ya nuna ba haka ba ne, kuma akwai hannun kakanninmu a ciki.

Akwai wani irin fiyano mai kusurwa huɗu, kamar dogon tebur. Wani Bajamushe, Johannes Zumpe, ya shahara da ƙera shi a Landan tun wajajen 1766, har ya cika gidajen masu hali a Ingila da Amurka. Fararen madannansa da hauren giwa ake lulluɓe su. To, a ƙarni na 19 Hausawa fatake na cikin manyan masu cinikin haure a ƙasar Adamawa. Sukan sayo shi daga Banyo, Tibati da Ngaundere, wani a bi da shi Kano zuwa Tarabulus, wani a sayar wa Turawan kamfani a bakin Binuwai, kamar Ibi. Ana cikin wannan ciniki Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893.

Amma zamani riga ne. Da fiyano na tsaye ya fito, ga ƙarfin sauti ga rashin cin wuri, sai aka juya wa tsohon baya. A 1904 dillalan fiyano na Amurka suka tara tsofaffin a Atlantic City suka banka musu wuta, don jama'a su sayi sababbi.

Yau kuɗin gyaran irin wannan fiyano yakan fi kuɗin sayar da shi, wasu ma kyauta suke bayarwa. Na farko-farko ne kawai gidajen tarihi da masu tara kayan da ke nema. Hauren da ya ƙara masa daraja kuwa ya zama masa ƙaya: an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, kuma a Birtaniya tun 2022 sai an yi wa irin wannan kayan kiɗa rajista kafin a sayar.

Saboda haka, mai tsohuwar tasa, takobi ko garmaho na gado, kada ya yi saurin miƙa wa dillali, kada kuma ya sa ran zai yi arziki da shi. Ya tambayi dattawa wa ya kawo shi, daga wane gari, ya rubuta wa 'ya'yansa. Allah Ya jiƙan magabata.