Sule Shida da Ƙwallo Mai Siffar Ƙwai: Tarihin Zari-Rugar 'Yan Goma Sha Uku da Darasinsa ga Ƙasar Katagum

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa filayen makarantun Azare da la'asar sakaliya, zai tarar da matasa sun yi dandazo suna buga ƙwallon ƙafa, kuma da wuya ya sami wanda ya taɓa riƙe ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake wasan zari-ruga da ita. Amma abin mamaki shi ne, Nijeriya ta ɗauki kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya har sau biyu a wani reshe na wannan wasa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wannan reshe, wato zari-rugar 'yan goma sha uku wadda Turawa ke kira lig, mu ga yadda ta samu, da yadda aka tsara ta a ƙasashe masu tasowa, sa'an nan mu auna abin da tarihin nata yake koya mana a nan ƙasar Katagum.

Asalin Rabuwa

Zari-ruga iri biyu ce: akwai ta 'yan goma sha biyar, wadda ita ce uwa, akwai kuma ta 'yan goma sha uku. Abin da ya raba su ba dokar fili ba ce, maganar abin sawa a bakin salati ce. A ƙarshen ƙarni na 19, 'yan wasan kudancin Ingila galibinsu 'ya'yan masu hali ne, waɗanda ke ganin karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Su kuwa 'yan arewacin ƙasar, a yankunan Yorkshire da Lancashire, leburori ne na ma'adinan kwal da masaƙu. Ranar Asabar ake wasa, ita kuwa ranar aiki ce, saboda haka duk wanda ya tafi fili sai a yanke masa ladan yinin. Ƙungiyoyin arewa suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa. A 1893 aka jefa ƙuri'a a kan batun, mutum 282 suka ƙi, 136 suka yarda.

Da tura ta kai bango, ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22 suka kafa tasu hukumar, aka amince a riƙa biyan ɗan wasa har sule shida a madadin yinin da ya rasa. Tunda yake kuɗin ƙofa ne zai riƙe ƙungiya, dole wasa ya ƙayatar da ɗan kallo. Don haka a 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, aka kuma sauƙaƙa yadda ake ci gaba da wasa bayan an kayar da mai riƙe da ƙwallo. A yau ana yin minti 80, ba a miƙa ƙwallo da hannu zuwa gaba, kuma idan aka kayar da 'yan ɓangare ɗaya sau shida, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Su kuwa 'yan goma sha biyar, sai a 1995, shekara ɗari cif, suka halatta biyan 'yan wasa.

Daga Ingila wasan ya isa New Zealand da Ostareliya a 1907 da 1908, ya shiga Faransa a 1934. A can ma bai tsira daga tsangwama ba, domin a 1941 gwamnatin Vichy ta haramta shi, ta ƙwace dukiyar hukumarsa. Duk da haka, a Faransar aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a 1954.

Hanyoyi Biyu a Ƙasashe Masu Tasowa

Idan muka dubi ƙasashe masu tasowa, za mu ga hanyoyi biyu da wasan ya bi. Hanya ta farko ita ce ta Papua New Guinea, ƙasa mai harsuna sama da 800, wadda ta sami 'yancin kai daga Ostareliya a 1975. Mutanen Ostareliya masu haƙar zinariya da sojoji ne suka kai wasan can, amma 'yan ƙasa suka karɓe shi, ya ratsa ƙauyuka da makarantu, har ya zama wasan da ya fi kowane farin jini a ƙasar. Sai bayan an yi wannan shimfiɗa aka ɗora gini a kai: ƙungiyarsu ta Hunters ta shiga gasar jihar Queensland a 2014, ta ɗauki kofi a 2017, sa'an nan a Disambar 2024 aka sanar cewa ƙasar za ta sami ƙungiya a babbar gasar Ostareliya daga 2028, bisa tallafin dalar Ostareliya miliyan 600 cikin shekara goma.

Hanya ta biyu ita ce ta Labanan. A can daga sama aka faro, domin 'ya'yan Labanawa mazauna birnin Sydney ne suka haɗa ƙungiyar ƙasa, har ta je gasar duniya ta 2000, alhali ba a wasan a cikin gida. Da masu tafiyar da al'amarin suka fahimci cewa jinka ba ta tsayuwa sai da bango, sai suka koma gida suka fara gasa a 2002, suka kuwa jingina ta da jami'o'i, inda ake da fili da matasa da tsari.

Nijeriya

Nijeriya hanyar Labanan ta bi. Zari-rugar 'yan goma sha biyar ta daɗe a ƙasar nan, kuma a Kano an san ƙungiyar Barewa da ita. Amma ta 'yan goma sha uku sai a 2018 ta sami hukuma mai tafiyar da ita. Daga cikin waɗanda suka tsaya a kan haka akwai Ade Adebisi, ɗan asalin Nijeriya da ya yi wasan a matsayin sana'a a Ingila duk da yana fama da ciwon sikila. An kafa ƙungiyoyi a Legas da wasu garuruwan Arewa, ciki har da Kano, kuma sunayen wasu, irin su Lagos Rhinos da Eko Trinity, na nuna alaƙarsu da ƙungiyoyin Leeds da Wakefield na arewacin Ingila.

Nasara ba ta yi jinkiri ba. A Oktoban 2019 Nijeriya ta karɓi baƙuncin Gana da Kamaru da Maroko a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, ta doke Maroko a wasan ƙarshe. A 2022 ta sake ɗaukar kofin a Akara bayan ta doke Gana. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin a 2025 sun je Kanada neman gurbin gasar duniya, suka doke Ailan, sai Fiji ta tsayar da su a wasan ƙarshe. Wannan abin yabo ne, sai dai kofi ba ya shuka wasa a gari. Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, amma kafin nan yara sun shekara da shekaru suna buga ƙwallon tsumma a lunguna, su ne suka haifi 'yan wasan da 'yan kallon.

Darasi ga Ƙasar Katagum

Tambayar da ta raba Turawa a 1895 ita ce ke jiran duk mai son kawo wannan wasa Azare: wa zai biya saurayi yinin da ya rasa? Ɗan acaɓa da ɗan dako da yaron shago, kowannensu abin da ya samo yau shi zai ci yau. Balle kuma wasan na karo ne, ana iya samun targaɗe ko karaya, wadda za ta kwantar da mutum makonni ba shiga sai fita.

Bahaushe kuwa ya daɗe da warware wannan matsala a wasanninsa. Dambe, wanda aka fi sanin mahauta da shi tun asali, da kuma kokawa, da kaka ake yin su, lokacin da amfanin gona ya zo gida, hannu ya sami abin kyauta. Akwai sarkin dambe mai tsawatarwa, akwai ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Jamus da Guramada waɗanda kowane ɗan kallo ya san nasa, akwai makaɗa masu zuga, kuma ɗan wasa ba ya barin fili sai da abin da aka yi masa kari. Jamhuriyar Nijar ta ɗora a kan irin wannan tushe tun 1975, lokacin da ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi.

Saboda haka muna ganin abubuwa uku ne sharaɗi. Na farko, a jingina wasan da makarantu kamar yadda Labanan ta yi, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, kuma malamin da aka horas a kwaleji shi zai kai wasan firamare. Na biyu, a fara da nau'in da taɓa mutum kawai ake yi maimakon kayarwa, musamman da rani lokacin da ƙasa ta bushe, a kuma zaɓi fili mai yashi kamar yadda 'yan kokawa ke yi. Na uku, a tsara lokacin gasa bayan kaka, a ware wani kaso na kuɗin ƙofa don jinyar wanda ya ji rauni da kuma mayar da ladan yini.

Kammalawa

Mun ga cewa talakawa ne suka haifi wannan wasa don kare guminsu, kuma inda duk ya yi saiwa, sai da ya dace da rayuwar masu yin sa. Ƙasar da ta raini 'yan kokawa da 'yan langa ba ta rasa ƙarfi ko zafin nama ba. Abin da ya rage shi ne, duk wanda ya zo mana da ƙwallo mai siffar ƙwai, mu tambaye shi tanadin da ya yi na sule shida, kafin mu miƙa masa 'ya'yanmu.