Yadda Littafin Bashi Ya Shiga Ɗakin Ɗaukar Aiki a Amurka

A shekarar 1899 wasu 'yan'uwa biyu, Cator da Guy Woolford, suka buɗe kamfani a birnin Atlanta mai suna Retail Credit Company. Sana'arsu ita ce tattara sunayen masu cin bashi a kantuna, wa ke biya a kan kari, wa ke taurin bashi, su sayar wa 'yan kasuwa. Ba da daɗewa ba kamfanonin inshora da masu ɗaukar ma'aikata suka zama manyan masu sayen wannan labari, sai aikin ya wuce batun kuɗi. Wakilan kamfanin kan bi maƙwabta suna tambaya ko mutum mashayi ne, ko aurensa na zaune lafiya, da su wa yake hulɗa. Tsegumin unguwa ya koma rubutacce a fayil, mai shi kuwa bai sani ba, balle ya kare kansa.

Ƙorafi ya yi yawa a ƙarshen shekarun 1960, majalisar dokoki ta zauna a kai, Sanata William Proxmire ya ja gaba har aka yi dokar rahoton bashi ta 1970. Ta bai wa kowa damar sanin abin da aka rubuta a kansa, ya ƙalubalanci ƙarya. Amma ita kanta dokar ta lissafa ɗaukar aiki cikin halastattun dalilan duba fayil ɗin mutum. A ganina nan aka yi sake. Kamfanin Retail Credit kuma ya sauya suna zuwa Equifax a 1975.

A 1988 aka hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki da na'urar gano ƙarya, sai suka ƙara raja'a ga tarihin bashi, wanda kwamfuta ta riga ta sa samunsa ya yi arha. Gyaran da aka yi wa dokar rahoton bashi a 1996 ya ce sai mai neman aiki ya sa hannu ya yarda, kuma a ba shi kwafin rahoton kafin a juya masa baya saboda shi. To amma wanda ya kwana biyu ba albashi, ina shi ina ƙin sa hannu?

Hujjar masu ɗaukar aiki ita ce wanda bashi ya yi wa katutu na iya cin amana, ya taɓa dukiyar kamfani. Hausawa kuwa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Amurka da yawansa daga kuɗin asibiti yake fitowa, ko mutuwar aure, ko rasa aiki. Durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta fito da abin fili: miliyoyi suka rasa ayyuka da gidaje, biyan bashi ya gagara, fayil ya ɓaci, ɓacin fayil ɗin kuma ya hana su aikin da za su biya bashin da shi. Baƙaƙen fata, waɗanda dama an daɗe ana tauye musu hanyar tara dukiya, sun fi jin jiki. Har a 2010 wani jami'in TransUnion, kamfanin tattara rahoton bashi, ya shaida wa majalisar jihar Oregon cewa ba su da binciken da ya danganta abin da ke cikin rahoton bashi da ƙwazon ma'aikaci ko yiwuwar ya yi zamba. Duk da haka, ƙungiyar jami'an kula da ma'aikata ta SHRM ta gano a 2012 cewa kashi 47 cikin ɗari na wuraren aikin da ta tambaya suna yin wannan bincike.

Jihar Washington ce ta fara taka burki a 2007, Hawaii ta bi a 2009, sai Oregon da Illinois da Kalifoniya. Birnin New York ya kafa tasa doka mai tsauri a 2015. Galibinsu sun ware wasu muƙamai, kamar na masu riƙe da kuɗi, inda aka bar binciken ya ci gaba. Ƙudurin da Sanata Elizabeth Warren ta gabatar a 2013 don hana abin a faɗin ƙasar bai zama doka ba, saboda haka a yawancin jihohi har yanzu ana iya buɗe fayil ɗin mai neman aiki kafin a kira shi.