Daga Kwalejin Katsina Zuwa Ajujuwan Kabong: Yadda Gasar Magana Ta Yi Rassa

A yau idan makarantun sakandare na Jos suka haɗu domin gwada baki, ba wasa ɗaya ake yi ba. Ga masu muhawara, ga masu jawabin da aka shirya tun daga gida, ga masu jawabin nan-take, ga 'yan kacici-kacici, ga masu haɗa baƙaƙen kalmomi. Yaran Kabong da Gada Biyu da Tudun Wada sun tashi sun tarar da abin a haka, kamar dama can haka yake. Amma kowane reshe yana da lokacin da ya tsiro da dalilin da ya fito da shi, kuma sai mun bi sawu tun daga tushe za mu gane darajar abin da muka gada.

Gwanintar baki ta riga boko zuwa ƙasar nan. A dandali yara suna kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. A zaurukan malamai ana jayayya kan mas'ala har sai an ɗauko littafi ya raba gardama. A majalisun dattawan Berom da Anaguta da Afizere, mai iya jera hujja shi ake saurara idan rigimar gona ta taso. Abin da makaranta ta zo da shi sabo shi ne agogo da alƙali da maki, sai kuma wata ƙa'ida da ba mu saba da ita ba: a miƙa wa yaro ɓangare ya kare shi ko da ba ra'ayinsa ba ne.

Tushen yana Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malamai. Ta yi suna wajen koyar da furucin Turanci. Ana tsayar da ɗalibi gaban aji ya karanta da ƙarfi, a gyara masa lafazi da numfashi da inda zai dakata. Ke nan reshen farko shi ne kyawun furuci, tun kafin a zo ga ƙarfin hujja. Nan Ahmadu Bello ya yi karatu, nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya goge muryar da duniya ta ji a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta zarce Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, kuma duk inda ta sauka tana tafe da wannan al'ada. A zamaninta na Kaduna ta yaye Malam Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda har ya bar duniya a 2017 ba a daina buga misali da fasahar bakinsa ba.

Babban sauyi na farko ya faru ne a Bauci a farkon shekarun 1940, lokacin da muhawara ta tsallake katangar makaranta. Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda ke zama a wani zauren tattaunawa, da sanin jami'an mulkin mallaka. Da maudu'an suka fara taɓa tsarin mulkin En'e, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zauren bai daɗe ba. Amma an riga an gane cewa wanda ya koyi tsayawa ya kawo hujja a aji, gobe zai kawo ta a gaban masu mulki. Daga irin waɗannan zama ne jam'iyyun Arewa na farko suka samu masu magana da yawunsu.

A nan Filato, makarantun mishan ne suka ɗauki tutar. Sakandaren maza ta Gindiri ta fara a 1950, St. Murumba a 1959, St. Louis ta 'yan mata a 1960, sai Baptist High School a 1961. Da wuya a samu makarantar kwana a wancan zamani da ba ta da ƙungiyar adabi da muhawara. Tsarin ya zauna daram: babban mai magana da masu mara masa baya a kowane ɓangare, shugaban zama a tsakiya, mai kula da lokaci da ƙararrawarsa. Mai magana zai fara da doguwar gaisuwa ga alƙalai da abokan karawa da 'yan kallo, sannan ya faɗi ko goyon baya ya zo yi ko suka. Maudu'an ma mun haddace su: likita da malami wa ya fi amfani, makarantar kwana ko jeka-ka-dawo, noma ko aikin ofis, ilimin ɗa namiji ko na 'ya mace. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne zafi, domin sau da yawa 'yan matan da ake gardama a kansu su ne ke tashi su ɗauke kofin. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa mutane daga ko'ina, saboda haka a tawaga ɗaya sai ka ga ɗan Ngas da Bahaushe da Bayarabe da Ibo suna raɗa wa juna amsa.

Shekarun 1970 suka zo da akwatin talabijin. Gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato da ke Jos ya fara aiki a 1974, kuma shi ake ba wa lambar fara nuna hoto mai kala a Nijeriya. Da gidajen rediyo da talabijin suka fara gayyatar makarantu, sai kacici-kacici ya samu kasuwa, domin tambaya da amsa cikin daƙiƙoƙi sun fi doguwar jayayya dacewa da shirin rabin awa. A daidai wannan lokaci shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ajujuwa, aka buɗe sakandaren jeka-ka-dawo a unguwanni, irin ta gwamnati da ke Kabong. Ɗan mai facin taya da 'yar mai sayar da tumatur suka samu damar hawa dandamalin da a da sai ɗan makarantar kwana. Rassa suka ƙaru. Ƙungiyoyin ɗaliban kimiyya na JETS suka kawo kacici-kacicin kimiyya, majami'u suka raya gasar sanin Littafi Mai Tsarki, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta kafa musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, ƙungiyoyin Hausa kuma suka riƙa shirya muhawara da harshen da yaro ke tunani da shi.

Sai dai tsuke bakin aljihun da ya biyo bayan 1986 ya taɓa makarantun gwamnati sosai. Kuɗin motar kai ɗalibai gasa ya yi wuya, ɗakunan karatu suka tsufa, yajin aiki ya yawaita. A wurare da dama muhawara ta koma hadda: malami ya rubuta, ɗalibi ya zuba, ko kalma ɗaya ta abokin karawa ba ta shiga kunnensa ba. Wannan ne ya ƙara wa jawabin nan-take daraja, domin idan yaro ya zaro takarda ya ga maudu'i a karon farko, babu malamin da zai tsaya masa.

A waje kuwa abin yana ta sauyawa. A Amurka ƙungiyar gasar magana ta makarantu da aka kafa a 1925 ta shigar da muhawarar mutum ɗaya da ɗaya a 1980, ta sa mata sunan Lincoln da Douglas, sannan ta ƙara ta mutum biyu-biyu kan al'amuran yau da kullum a 2002. Gasar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, ita ta fi tasiri a kanmu. A tsarinta mutum uku ne a kowane ɓangare, kowa minti 8, sannan jawabin rufewa na minti 4. Abokin hamayya yana iya miƙewa a tsakiyar jawabinka ya nemi jefa tambaya, wasu maudu'an kuma awa ɗaya kacal ake ba tawaga ta shirya su. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 wannan salo ya riƙa shigowa, musamman ta gasar muhawarar makarantu ta shugaban ƙasa. A Legas kuma an fara gasar haɗa baƙi a 2001, inda zakara ke zama gwamna na kwana ɗaya, wasu jihohi suka kama. Sabon tsarin muhawarar ya rage doguwar gaisuwa, ya mayar da maki kan sauraro da mayar da martani.

A Jos wannan sauyi ya zo a kan gaɓa. Rikicin Satumban 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba unguwanni, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba. Zauren gasa yana cikin wurare ƙalilan da har yanzu ke haɗa su. A nan ne ƙa'idar nan ta kare ɓangaren da ba naka ba ta nuna amfaninta, domin wanda ya taɓa tsayawa ya gina hujjar abokin hamayyarsa da bakinsa, da wuya ya ɗauke shi maƙiyi don kawai sun saɓa.

Saboda haka muke ganin bai kamata wannan gado ya zama na makarantun kuɗi kaɗai ba. Makarantar gwamnati a Kabong tana buƙatar malami mai horo kan sabon tsari, da jaridu a ɗakin karatu, da kuɗin mota sau ɗaya a zango. Tana kuma buƙatar a ba muhawarar Hausa da ta harsunan Filato kofi mai nauyi daidai da na Turanci. Tsofaffin ɗalibai da iyaye da hukumar ilimi za su iya ɗaukar wannan nauyi, kuma garin da ya ɗanɗana abin da rashin sauraron juna ke jawowa shi ya fi kowa dalilin ɗaukarsa.