Yadda Aka Gano Asirin Sauro

Yau zancenmu a kan sauro ne, da tarihin yadda aka gane shi ne mai kawo zazzaɓin da ke kayar da 'ya'yanmu daga tsakiyar damina har kaka.

A dā Turawa sun zaci warin fadama ne ke kawo wannan ciwo, don haka mutanen Italiya suka sa masa suna maleriya, watau mummunar iska. Mu ma nan na sha jin tsofaffi suna ɗora wa rana laifi, ko ɗanyar masara. Kada ku yi musu dariya, don sun lura daidai cewa ciwon yana bin ruwa da lokaci. Mai ɗauko shi ne kaɗai ba su gani ba.

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya duba jinin mai zazzaɓi da madubin likita, ya ga ƙwayar cutar. Saura a san ƙofar da take shigowa. Ran 20 ga Agusta 1897, a Indiya, wani likita Bature, Ronald Ross, ya fede sauron da ya sha jinin majinyaci, ya iske cutar tana girma a tumbinsa. Ba a daɗe ba likitocin Italiya suka tabbatar da cewa irin sauron da ake kira Anofilis shi ne mai kai ta jikin mutum.

To, daga nan hankali ya koma kan rayuwar sauron kansa. Ina yaro a makaranta malaminmu ya ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya ce mu duba kowace safiya. Ku ma ku jarraba. Macen sauro, wadda ita kaɗai ke cizo don tana bukatar jini ta yi ƙwai, takan zuba ƙwai wajen ɗari ko fiye a kan ruwa. Bayan kwana 2 ko 3 su ƙyanƙyashe su zama tsutsotsi masu wutsil-wutsil. Tsutsar Anofilis kwance take a fuskar ruwa, ta sauran sauro kuwa rataye, kai ƙasa. Tana ci tana sāɓa har sau huɗu, sa'an nan ta dunƙule ta zama wani abu mai ƙaton kai, wanda ba ya cin kome. Bayan kamar kwana 2 bayansa ya tsage, sauro ya fito, ya shanya fikafikai, ya tashi. Da zafi irin namu, duk wannan ba ya wuce kwana 10 sosai. Kun ga hawa uku cikin huɗu a ruwa ake yinsu. Kuma Anofilis ba ya bukatar gulbi: sawun kofaton saniya, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, in rana na dukansa, ya ishe shi.

A lardin Sakkwato aka yi ɗaya daga manyan gwaje-gwajen farko a Afirka. A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara fesa magani a bangon ɗakuna a ƙasar Birnin Kebbi. Da fari zazzaɓi ya ragu, aka yi murna. A 1955 sai aka iske sauron wajen Ambursa ba ya mutuwa da maganin da ake kira dieldrin. Dalili kuwa shi ne gajartar rayuwarsa: 'yan kaɗan da suka jure suka hayayyafa, jikoki da tattaɓa-kunne cikin damina ɗaya, duk da jurewar iyayensu. A Garki, ƙasar Kano ta lokacin, an sake gwadawa tsakanin 1969 da 1976, da feshi da rabon ƙwayoyi. Ciwon ya kwanta ƙwarai, amma bai mutu ba, don wasu sauron a waje suke hutawa, ba sa taɓa bango. Da aka daina, ya komo.

Ku mutanen Magarya da Wurno da Rabah, wannan tarihi naku ne. Tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984 ruwa ya samu har da rani, shinkafa da albasa suka yi albarka, ba mai musu. Amma ruwan da ya kwanta a gefen hanyar ban-ruwa gidan haihuwar sauro ne. Fadama ba ta cikuwa, ba kuwa zan ce ku bar nomanta ba. Ramukan cikin gari ne ke hannunku. Ku cike su, ku buɗe wa kwata hanya, kada ruwa ya kwana bakwai wuri ɗaya. Cutar ma tana bukatar kwana 10 ko fiye a cikin sauro kafin ya iya sa wa wani, saboda haka gidan sauro mai magani yana aiki biyu: ya tsare mai barci, ya kashe sauron tun cutar ba ta nuna ba. In jikin yaro ya yi zafi, a kawo shi dispensa ran nan a gwada jininsa, kada a jira sai ya fara suma.