Ɗamarar Wuta: Tarihin Zogin da Ke Saura Bayan Ƙuraje Sun Bushe

Akwai cutar da ke fesowa da ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, su jeru daga gadon baya zuwa ƙugu ko cinya. Girkawan da suka kira ta zosta, wato ɗamara. Cikin makonni kaɗan ƙurajen kan bushe, amma ga wasu, musamman tsofaffi, zogin kan zarce wata uku, har gogar riga ta zama azaba. A duba fata a gan ta lafiya lau, sai a ce raki ne.

An daɗe kafin a gano inda gizo ke saƙa. A 1831 likita Richard Bright na Ingila ya yi hasashen cewa tushen ciwon yana cikin jijiya. A 1900 Henry Head da Alfred Campbell suka wallafa binciken gawa 21 na mutanen da suka yi cutar, inda suka tarar da ɓarna a ƙullin jijiyar da ke gefen laka. Da suka haɗa wurin ƙurajen da jijiyar da ta lalace, sai suka zana taswirar da ke nuna wace jijiya ke kula da wane yankin fata. Mu masu rubuta manhaja mun saba da haka: matsala kan bayyana nesa da tushenta.

To me ke cin jijiyar? Tun 1888 James von Bokay a Budafest ya lura yara kan kamu da ƙarambau bayan sun zauna da mai zosta. A shekarun 1950 Thomas Weller na Amurka ya nuna ƙwayar cutar ɗaya ce. A 1965 Edgar Hope-Simpson, likitan wani ƙaramin gari a Ingila, bayan shekara 16 yana bin marasa lafiyarsa, ya kammala bayanin: ƙwayar ƙarambau ta yarinta kan kwanta cikin jijiya shekaru aru-aru, ta farka idan garkuwar jiki ta yi rauni.

Wannan tarihi ya gadar mana da magani irin su asaikulobiya, wanda ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙuraje, da alluran rigakafi na 2006 da 2017. Ya kuma wanke tsohuwar da ke kukan baya da ƙafa bayan fatarta ta warke. Jijiyarta ce ta ji rauni, kuma asibiti ya kamata mu kai ta.